Shekara Goma Sha Uku da Sunan Malam

Duk wanda ya san Badarawa da kyau ya san gidan Ila direba, wanda ƙofarsa ke kallon injin markaɗe. A nan aka haifi Mansura, ita ce ta uku a wajen Delu, kuma ita ta fi kowa rashin magana a gidan. Ila Bakatsine ne, daga wajen Ƙanƙara ya shigo Kaduna da ƙuruciyarsa, ya yi shekara talatin yana jan mota tsakanin Kawo da Funtuwa. A titi wuta ne, a gida ruwan sanyi, kuma abu ɗaya ya dasa wa 'ya'yansa tun suna rarrafe: ba a shiga gaban babba. In babba na magana ka yi shiru, in ya yaba maka ka sunkuyar da kai, in aka tambayi wa ya yi aiki mai kyau ka bari wani ya faɗa. Sauran yaran suka yi kunnen uwar shegu da wannan karatu. Mansura kuwa ta haɗiye shi ɗungurungum, kuma shi ya cuce ta daga baya.

Ta yi karatun kwamfuta a foli, ta fito da sakamako mai kyau ba tare da kowa ya ji ɗuriyarta ba. A shekarar 2011 ta samu aiki a wani ofis na saman bene a titin Ali Akilu, na wani Alhaji Haruna mai sayar da tayoyi, wanda ya buɗe wurin don kawai an ce masa nan duniya ta dosa. Shi Alhaji ko kunna kwamfuta bai iya ba, bai kuma taɓa cewa ya iya ba. Mai aikin na gaskiya shi ne Malam Inuwa, wani siririn Bazazzagi, tsohon ma'aikacin tarho, wanda ya koya wa kansa rubuta manhaja bayan furfura ta fara fito masa. Shi ya ƙirƙiro manhajar da ke tsara layin motoci a gareji: wace mota ce za ta yi lodi yanzu, wace ke biye da ita, wa ya makara ya koma baya. Kafin zuwanta da alli da allo ake wannan aiki, da zagi, wani lokacin har da dambe. Gareji biyu suka fara karɓa, a hankali suka kai goma sha ɗaya, daga Mando har Zariya.

A ƙarƙashin teburin Malam akwai wata baƙar kwamfuta da ba a zama a gabanta. Cikinta aka girka wani tsari da ake kira SVN, amma Malam rumbu yake ce masa, kowa ma ya bi shi. Aikin rumbu mai sauƙi ne. Duk lokacin da ka gyara wani abu a manhajar, sai ka kai ajiya, shi kuma ya rubuta ranar da lokacin da abin da ka canja, da sunan wanda ya kawo. Ko bayan shekara goma ka dawo ka tambaye shi wa ya rubuta wannan layi, zai faɗa maka. Suna ɗaya ne tak a cikinsa a lokacin, wato "malam".

Watanta uku da fara aiki, Malam ya ga hannunta ya faɗa, ya kira ta.

"Mansura, matso in buɗe miki naki sunan a rumbu."

Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. "Haba Malam, ni wa? Sunana kusa da naka? Ai ɗalibi ba ya sa hannu a allon malaminsa."

"Ba allo ba ne, rumbu ne. Don a san wa ya yi me."

"Ai duk abin da na yi kai ka yi, Malam."

Ya sake yi mata tayin bayan shekara guda, ta sake nocewa, ya ɗaga kafaɗa ya bar ta. Kai jama'a! Da ina wurin da na ja kunnen yarinyar nan har sai ya yi ja. Minti biyu kacal aikin zai ci. Amma ita a ganinta ladabi ta yi, shi ma Malam can ƙasan ransa ya ji daɗin ladabin, don ɗan Adam ne. Haka ta ci gaba da shiga da sunansa da kalmarsa ta sirri, tana rubutu tana kai ajiya, rumbu yana rubuta "malam".

A wannan kujerar ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta binne mahaifinta. Ma'aikata suka zo suka koyi abin da za su koya suka wuce Abuja da Legas, ita tana nan. A 2018 hawan jini ya kayar da Malam Inuwa wata Laraba bayan azahar, kwana huɗu ya ce ga garinku nan. Da aka yi bakwai ta dawo ofis ta zauna a gaban kwamfuta, yanzu babu wanda za ta ji kunya, babu wanda zai hana ta buɗe sunanta. Ta ɗora yatsu, sai hannun ya ƙi. Gani ta yi kamar in ta daina shiga da sunansa ta sake binne shi ne karo na biyu. Ta buga "malam" ta ci gaba da aiki, kuma daga ranar ita kaɗai ke rubuta manhajar nan, shekara shida cur.

Ana nan sai ga Abdulmalik, ɗan Alhaji Haruna, ya dawo daga karatu a waje da digiri biyu da gemu gyararre. Yana sakandare lokacin da ta fara aiki, Anti yake ce mata tun a lokacin, bai kuma daina ba, sai dai yanzu kiran ya zo da wani sauti kamar na mai kiran mai shara. Uban ya danƙa masa ofis ya koma kan tayoyinsa. Satinsa ɗaya ya leƙa ƙarƙashin tebur ya ga baƙar kwamfutar, fankarta na gurnani, ƙura ta yi mata gashi.

"Inna lillahi! Anti, a cikin wannan gawar kuka ajiye kamfani gaba ɗaya?"

Gaskiya dai ko daga bakin wa ta fito gaskiya ce. Kwamfutar ta tsufa, sau biyu tana ƙin tashi a damina, duniya kuma ta daɗe da barin SVN ta koma wani tsari da ake kira Git. Ga shi wani kamfanin sufuri na Abuja na son haɗa gwiwa da su, injiniyoyinsu kuma za su so su duba tarihin manhajar kafin a sa hannu. Abdulmalik ya ce a kwashe komai a mayar sabon rumbu, ranar Juma'a a goge tsohuwar a fitar da ita. Mansura ba ta yi musu ba, ita ma ta daɗe tana tsoron ranar da abin zai mutu da aikinta a ciki.

Kwana uku ta yi tana fama. Na'urar da ke kwashe tarihi daga SVN zuwa Git tsohuwa ce mai tsirfa, ba ta tashi sai da wasu tsofaffin kayan haɗi da ba sa zama a kwamfutocin yanzu. Sai ta haɗa ta da duk abin da take buƙata ta rufe su a cikin abin da masu sana'ar ke kira kwantena, ta hanyar Docker. Amfanin kwantena shi ne duk kwamfutar da ka ɗora ta a kai, aiki iri ɗaya za ta yi, ko mai ita ya san abin da ke ciki ko bai sani ba. Ka buga umarni ɗaya, ka je ka sha shayi. Ta gyara ta tsaf, har ta rubuta bayanin yadda ake tayar da ita a layi biyar, don ita mace ce da ba ta barin aiki rabi da rabi.

Abu ɗaya na'urar ta tsaya a kai ta ƙi motsi. Git ba ya karɓar laƙabi, sai cikakken suna da adireshin imel. Don haka akwai wani ɗan fayil da za a cike, a ce wannan tsohon suna na wane ne. A wasu kamfanoni fayil ɗin kan kai layi ɗari. Nasu layi ɗaya ne: malam, sai alamar daidai, sai fili. Ajiya dubu tara da ɗari huɗu da goma sha biyu, duk suna jiran abin da za a rubuta a filin nan, kuma duk sunan da ya shiga shi ne zai zauna a kan aikin har abada, tunda tsohon rumbun gogewa za a yi.

Ta daɗe tana kallon filin. A karo na farko a rayuwarta ta ji wani abu ya taso mata wanda ba kunya ba. Ta duba kwanan wata, ta gano ajiya ta ƙarshe da aka kai Malam yana da rai. Duk abin da ke gabanta ta bar masa, har da wanda ta san da yatsunta ta rubuta, ta ce sadaka ce. Abin da ya biyo baya kuwa, sama da ajiya dubu biyar da ɗari biyar, babu wani mahaluki da ya taɓa su sai ita. Ta ƙara wa kwantenar wani ɗan umarni da zai raba tarihin gida biyu: na farko Inuwa, na biyu Mansura Ila.

Ranar Laraba da safe Abdulmalik ya tsaya a bayanta da kofin shayi yana karanta fuskar kwamfutar.

"Anti, wannan rabe-raben na mene ne? Ki cire. Layi ɗaya ne, ki sa sunana."

Ta juyo a hankali. "Sunanka, yallaɓai?"

"Eh mana. Ni ne shugaban fasaha na kamfanin nan. Mutanen Abuja so suke su ga wanda ya gina abin yana nan da ransa, za su iya kiransa a waya. Mamaci ba ya zuwa taro. Allah ya jiƙan Malam, amma suna ba zai ƙara masa komai a kabari ba."

"To ai ni ina da raina."

"Ke?"

"Ni. Tun rasuwar Malam wa ka ji an ce yana rubuta manhajar nan? Aljanu?"

Ya yi 'yar dariya, ya ajiye kofin a kan teburinta, a kan takardunta ma. "Anti, ba na son mu yi haka da ke. Amma tunda kin kawo maganar, ga rumbu nan a gabanki. Nuna min sunanki a ciki. Wuri ɗaya tak. In kin nuna, wallahi na bar miki."

Tirƙashi. Ta san babu, shi ma ya san babu, don ya riga ya duba. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba ta san wa za ta fi jin haushi ba, shi ko kanta. Yaron da ko layi ɗaya bai rubuta ba ya tsaya a kanta da hujja, ita mai aikin ba ta da ko ɗaya.

Da azahar ta sauka ta tari Keke ta nufi shagon tayoyin Alhaji Haruna a bayan Babbar Kasuwa. Shekara goma sha uku ba ta taɓa kai masa ƙara ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani dalla-dalla yadda zai gane. Ya saurara yana jan carbi, yana kuma leƙen wani mai ɗaukar taya.

"To yanzu, 'yata, albashinki aka taɓa?"

"A'a, Alhaji."

"Kujerarki aka ba wani?"

"A'a. Sunana ne..."

"Haba Mansura. Suna a cikin kwamfuta? Ke da Abdulmalik ai gida ɗaya ne, nasa naki ne. Ke ce babba, ki yi haƙuri. Da na san ki da kawaici."

Haƙuri! Allah wadaran wannan kalma in ta faɗa bakin wanda ba shi aka cuta ba. Da tana ƙarama an ce ta yi shiru don ita ce ƙarama, yau kuma an ce ta yi shiru don ita ce babba, to yaushe ne ranar maganarta? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta miƙe ta yi masa sallama, ba ta ce ta haƙura ba, shi kuma bai lura ba ta faɗa ba.

Ranar Alhamis ta tayar da kwantenar yadda ta tsara ta. Minti arba'in na'urar na kwasa tana jerawa, ita tana zaune ta harɗe hannu tana kallon lambobi na gudu. Da ta gama ta tura komai sabon rumbu, ta buɗe ta duba. Ga Inuwa daga farko har ranar da ya kwanta, ga Mansura Ila daga nan har jiya. Ba ta taɓa ganin sunanta a jikin aikinta ba sai ranar. Ta yi ta gangarawa ƙasa tana karanta shi kamar ba ta san yadda ake rubuta shi ba. Kunyar marar kunya asara ce, ta ce a ranta, ta ɗauki jakarta ta tafi gida.

Ta zaci zai yi faɗa. Ta ma shirya amsoshinta tun a Keke da safiyar Juma'a. Ina! Abdulmalik bai ɗaga murya ba. Ya zo ya gani, ya gyaɗa kai, ya koma ofishinsa ya buɗe laftof. Ga kwantenar nan a wurin da ta ajiye wa kowa, ga bayaninta na layi biyar mai kyau da tsabta. Ya goge umarnin rabon, ya cike filin da sunansa, ya buga umarni ɗaya, ya shiga waya da abokinsa yana dariya. Kafin a kira sallar Juma'a ya gama, ya danne nata da nasa. Da a ce ta bar na'urar da tsirfarta, wallahi da ya yi wata guda bai tayar da ita ba, da dole ya dawo ya roƙe ta. Ita da hannunta ta wasa wuƙar ta miƙa masa ta wajen ƙota.

Da aka sauko daga masallaci ya sa aka goge baƙar kwamfutar aka ba masu gwangwan. Sannan ya leƙo.

"Anti, na ga kin gaji kwanan nan. Ki je ki huta sati biyu. In kin dawo ma duba inda za ki fi amfani."

Bai buɗe mata suna a sabon rumbun ba, ya kuma canja kalmar sirrin ofis da ta shiga da ita ranar Alhamis. Ko leƙawa ba za ta iya yi ba.

Tana da kwafin tsohon rumbun a filas, 'yar ma'ajiyar nan ta aljihu, don ba a yi mai aikin da zai bari a goge abu bai ɗebi kwafi ba. Ranar Asabar da hantsi, yara na tsakar gida suna wasa, ta sa shi a kwamfutarta ta gida ta buɗe, wai ko za ta ga wata shaida. Malam, malam, malam, tun daga sama har ƙasa. Ko kotu ta kai wannan, abin da zai tabbatar kawai shi ne mamaci ya yi shekara shida yana aiki. Mijinta, malamin firamare ne mai sanyin hali, ya ce ta bar wa Allah. Ta ce ta bar masa, amma ba ta yafe ba, kuma kada wanda ya sake ce mata ta yi haƙuri a gidan nan. Delu da ta zo wuni ta ji zancen, ta ce ita ba ta gane kan abin ba, amma dai ta san tun da ta haifi Mansura ba ta taɓa jin ta daka wa kowa tsawa ba sai yau.

Kwana goma sha ɗaya tana gida. Ranar Talata da misalin ƙarfe goma tana tsinke zogale wayarta ta yi ƙara. Abdulmalik ne. Ta bari ta katse, ya sake kira, ya sake, sai a na huɗu ta ɗauka.

"Anti, don Allah ki zo yanzu. Gareji ya rikice."

"Wane garejin?"

"Na Mando! Wasu direbobi sun je jana'izar ɗan'uwansu a Funtuwa, sun dawo yau manhaja ta jefa su ƙarshen layi. Mutum goma sha tara. Sun tare ƙofa sun ce ba motar da za ta fita. Shugabansu ya kira ni sau goma. Ga baƙuwa daga Abuja tana zaune a ofis."

Tun bai rufe baki ba ta san abin da ya faru. A gareji akwai al'adar da ba a rubuta ta a ko'ina ba: direban da ya bar layi don jana'iza ba ya rasa wurinsa har a yi sadakar uku. Ita ta shigar da wannan cikin manhajar shekara biyar da suka wuce, a wani lungu da wanda bai san gareji ba zai ɗauka tarkace ne. Shi kuwa da ya samu rumbu a hannunsa ya shiga share-share don ya burge baƙi, ya taɓa fayil arba'in a ajiya ɗaya, ya share har da wannan, yanzu bai ma san wanne ne ya jawo masifar ba.

"Yallaɓai, ai rumbu na faɗin wanda ya rubuta kowane layi. Ka tambaye shi, ka kira mai sunan ya gyara."

"Anti, don girman Allah."

Ta kashe wayar. Ta ci gaba da tsinke zogale, tana fizgar ganyen kamar shi ya yi mata laifi. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma fa ba Abdulmalik ne ke tsaye a rana a bakin gareji ba. Mutum goma sha tara ne da suka je suka binne ɗan'uwansu suka dawo aka hukunta su a kan haka, irin mutanen da ta tashi a cikinsu, ga fasinjoji da yara da marasa lafiya zaune a mota tun safe. Ta yi tsaki mai ƙarfi, ta ture tiren, ta jawo mayafi.

A ofis ta tarar da shi gumi ya jiƙa masa kwalar riga, waya a kunne. Gefe ga wata mace zaune da laftof a cinya, ba za ta wuce sa'ar Mansura ba, da gani ta san aikinta. Injiniya Khadija ce, wadda kamfanin Abuja ya turo. Abdulmalik ya ja wa Mansura kujerarsa da kansa.

"Zauna nan, Anti, na riga na shiga da sunana. Yi sauri kawai."

Ta zauna, ta ɗora hannuwanta a cinya. "Buɗe min nawa."

"Ba lokaci! Daga baya ma yi wannan."

"Minti biyu ne. Mansura Ila. In rubuta maka yadda ake rubutawa?"

Wayarsa ta sake ɗaukar ƙara. Ya kalle ta, ya kalli baƙuwar, ya ciji leɓe, ya sunkuya ya buɗe. Sai da ta ga sunan ya fito, ta shiga da shi, sannan ta taɓa aikin. Ba ta yi lalube ba, kai tsaye ta nufi wurin, ta dawo da abin da ya share, ta daidaita shi da sauye-sauyen da ya yi, ta gwada sau biyu, ta kai ajiya, ta tura. Ba a yi minti ashirin ba shugaban direbobi ya kira ya ce layi ya dawo daidai, an buɗe ƙofa. Abdulmalik ya fita baranda da wayar yana ta ba da haƙuri yana cewa ya shawo kan matsalar.

Khadija ta matso da kujerarta. Ta karanta gyaran a nata allon, ta gyaɗa kai irin na wanda ya san abu mai kyau in ya gani. Sannan ta buɗe shafin da ke nuna waɗanda suka yi aiki a manhajar. Suna biyu ne. Na Abdulmalik da dubu tara da ɗoriya a gabansa, na Mansura da ɗaya.

"Kai, sannu da ƙoƙari," in ji ta da fara'a. "Ajiyarki ta farko ke nan, kuma kin gano abin nan da wuri haka? Kina da kai, wallahi. Ki riƙe maigidan naki da kyau, na karanta aikinsa na shekarun nan, mutumin ya san gareji kamar a ciki aka haife shi. Za ki koyi abubuwa da yawa a wurinsa."

Mansura ta ji maganar har cikin haƙoranta. Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta dubi matar ido cikin ido.

"Shekarata goma sha uku a ofishin nan. Abin da kika karanta ni na rubuta shi, ni da malamina da ya rasu. Wancan da ke baranda ko layi ɗaya bai rubuta ba, sai wanda ya ɓata yau."

Fara'ar Khadija ta ragu. Ta kalli Mansura, ta kalli allon, ta sake kallon Mansura. Ita ma 'yar sana'a ce, an koya mata cewa mutum na iya faɗin komai amma rumbu ba ya ƙarya. Ta yi ɗan murmushin da ake yi wa ma'aikacin da ke jin haushin maigidansa, ta ce, "Allah sarki, to Allah ya kyauta," ta mayar da idonta kan laftof ta ci gaba da rubuta rahotonta.